Dragon Quest XI S ko Persona 5 Royal: da wanne sabon shiga zai fara?

Wanda ya saba da wasan ƙwallon ƙafa ko na harbe-harbe a gidan gem, inda ake gama karawa cikin minti goma a miƙa wa na gaba hannu, zai ga baƙon abu ranar da ya fara zama gaban irin wasannin Japan da ake kira JRPG. A cikinsu mutum yana shiga rigar jarumi guda ne, ya bi shi cikin dogon labari, ya tara abokan tafiya, ƙarfinsu yana ƙaruwa da kaɗan-kaɗan, kuma kafin a ga ƙarshe sai an ci makonni ko watanni. Saboda haka zaɓen wanda za a fara da shi ba ƙaramin al'amari ba ne, domin za a kashe kuɗi, za a ƙona data, sannan lokacin da za a zuba ya fi su duka tsada. Sunaye biyu ne suka fi yawan fitowa idan sabon shiga ya nemi shawara, wato Dragon Quest XI S da Persona 5 Royal. Na zauna da kowannensu a na'urar Switch na kimanin awa goma na farko, ina lura da abin da ke jan mutum da abin da ke korarsa, kuma a kan waɗannan awanni na gina abin da zan faɗa, domin a cikinsu ne yawancin mutane suke yanke shawarar ci gaba ko ajiyewa.

Dragon Quest tsohon gida ne. Na farkonsa ya fito a shekarar 1986 daga kamfanin Enix, wanda ya haɗe da Square a 2003 suka zama Square Enix, kuma mutum uku ne suka riƙe shi shekara da shekaru: Yuji Horii mai tsara wasan da labarinsa, da Akira Toriyama mai zanen mutane da dodanni, wanda duniya ta fi saninsa da Dragon Ball, da kuma Koichi Sugiyama mai tsara kiɗa. Sugiyama ya rasu a 2021, Toriyama kuma a 2024. Kashi na goma sha ɗaya ya fito a Japan a 2017, ya isa sauran duniya a 2018, sannan aka fitar da ingantaccen bugu mai harafin S a Switch a 2019, aka kai shi PlayStation 4 da Xbox One da kwamfuta a ƙarshen 2020. Shi kuwa Persona na kamfanin Atlus ne, wanda yanzu yake ƙarƙashin Sega, ya soma ne a 1996 a matsayin reshen wani jerin wasanni mai suna Megami Tensei. Na biyar ya fito a Japan a 2016 ƙarƙashin jagorancin Katsura Hashino, da zanen Shigenori Soejima da kiɗan Shoji Meguro, bugun Royal ya biyo baya a Japan a 2019 da sauran duniya a 2020, kuma sai a Oktoban 2022 ya shiga Switch da Xbox da kwamfuta. Ba a buƙatar sanin kashin da suka gabata a kowanne cikinsu, domin kowanne daga cikin biyun nan labarinsa mai zaman kansa ne.

Yadda suke buɗe ƙofa shi ne bambanci na farko, kuma yana da girma. Persona 5 Royal yana jefa mutum tsakiyar gudu ne tun minti na farko: wani matashi mai abin rufe fuska, wanda abokansa suke kira Joker, yana tsalle a saman fitilun wani katafaren gidan caca, 'yan sanda suna binsa, kiɗa yana tashi, har aka kama shi, aka lakaɗa masa duka a ɗakin bincike, sannan wata mai gabatar da ƙara, Sae Niijima, ta zauna gabansa ta ce ya ba ta labari daga tushe. Daga nan sai wasan ya koma baya zuwa watan Afrilu, lokacin da yaron ya sauka Tokyo bayan an yi masa ƙazafin duka don ya hana wani mai ƙarfin faɗa-a-ji cin zarafin wata mata, aka yi masa ɗaurin talala na shekara guda, aka ba shi wani ɗaki mai ƙura a saman shagon kofi na Leblanc. Ban taɓa ganin wasan da ya kama ni da sauri haka ba. Launin ja da baƙi, da yadda rubutu yake karkacewa yana tsalle a allo, da yadda ko jerin zaɓin kaya aka ƙawata shi, duk suna sa mutum ya ji yana riƙe da abin da aka yi wa aiki da ƙauna.

Amma bayan wannan rabin awa mai zafi sai wasan ya riƙe hannun mai wasa ya ƙi saki. Awa huɗu zuwa biyar na yi ina karatu da danna maɓalli guda, ana kai ni makaranta ana dawo da ni, ana gabatar mini da mutane, ana koya mini faɗa ƙanƙani-ƙanƙani, kuma da dare ya yi sai a ce in kwanta. 'Yancin farko da na samu shi ne na neman hanyar jirgin ƙasa: daga unguwar Yongen-Jaya, wadda aka kwaikwayo daga unguwar Sangenjaya ta gaske, zuwa tashar Shibuya, inda dole mutum ya nemo layin Ginza da kansa cikin cunkoson jama'a da allunan nuni. Na ɗan ɓata a wurin, kuma na fahimci da gangan aka yi haka, don mai wasa ya ji irin baƙuncin da yaron yake ji a babban birni. Wannan dabara ce mai kyau, sai dai wanda ya sayi wasa don ya yi wasa zai iya gajiya kafin a sakar masa linzami, kuma ina ganin a nan ne Persona yake asarar mafi yawan sababbin shiga.

Dragon Quest XI S ya bi akasin wannan hanya. Ana farawa ne a ƙauyen Cobblestone, inda wani yaro ɗan shekara 16, wanda aka tsinta a kogi yana jariri, zai hau dutsen ƙauyen tare da ƙawarsa Gemma don cika al'adar shiga sahun manya. Kafin minti ashirin mutum ya riga ya yi faɗa da Slime, wato shuɗin dodon nan mai siffar ɗigon ruwa da murmushi wanda ya zama tambarin wasan, ya fasa tukwane ya tsinci ganyen magani, ya ga alamar da ke bayan hannun yaron ta yi haske har tsawa ta sauka. Sai uwar riƙonsa ta gaya masa cewa shi ne jarumin da aka daɗe ana jira, ta tura shi birnin Heliodor wurin Sarki Carnelian. A daidai nan na ɗauka na san duk inda labarin zai bi, domin ya yi kama da tatsuniyar da kowa ya taɓa ji. Sai ga sarkin ya karɓe shi da fara'a, ya tambayi sunan ƙauyensu, sannan ya juya ya kira shi ɗan duhu mai jawo bala'i, ya sa aka jefa shi kurkuku. A can ya haɗu da ɓarawo Erik, suka bi ramin da ya haƙa, suka ratsa magudanar ruwa, wani baƙin dodo ya kore su, suka ƙare da faɗawa daga bakin dutse. Sai a lokacin ne sunan wasan ya bayyana a allo, bayan kusan awa biyu.

Abin da ya fi burge ni a waɗannan awanni shi ne yadda wasan yake koyarwa ba tare da ya tsayar da tafiya ba. Ana ba mutum doki ya fita fili, yana ganin dodanni suna yawo, ya ga dama ya tare su, ya ga dama ya kauce. Idan ya isa sansani ya kunna wuta sai ƙarfin kowa ya dawo kyauta, kuma a nan ne ake samun ƙaramar maƙerar da ake ƙera takubba da sulke da ita, inda ake dukan ƙarfe ana lura da zafin wuta har a samu kaya masu inganci fiye da na kasuwa. Kowane gari kuma labari ne mai zaman kansa da ake gamawa cikin awa biyu ko uku: garin Hotto mai maɓuɓɓugan ruwan zafi, inda ake haɗuwa da tagwaye Veronica da Serena, sai Gallopolis mai tseren dawaki a tsakiyar hamada, inda wani abokin tafiya mai suna Sylvando yake shigowa. Wannan tsari yana da amfani ƙwarai ga mai aiki ko ɗalibi, domin yana iya cin gari guda a ƙarshen mako ya ajiye, kuma duk lokacin da ya dawo wasan yana karanta masa taƙaitaccen bayanin inda aka tsaya.

Faɗa a duka biyun na bi-da-bi ne, wato kowa yana jiran nasa zagayen, mutum ya zaɓi sara ko sihiri ko magani daga jerin zaɓi ba tare da gaggawa ba, don haka saurin yatsa ba ya cikin lissafi. Sai dai zurfinsu a farko ba ɗaya ba ne. A Dragon Quest faɗan awannin farko yana da sauƙi har ya so ya yi yawa, kuma abokan tafiya suna yin nasu da kansu sai in mutum ya shiga tsarin dabaru ya mayar da su ƙarƙashin umarninsa, abin da nake ba kowa shawarar ya yi tun daga shigowar Erik. Ana iya zagaya filin faɗa da jarumi, amma wannan motsi ado ne kawai, ba ya kare kowa daga duka. Daɗin faɗan yana fitowa ne bayan an kai mutum huɗu, lokacin da ake fara tunanin wa zai ƙara wa wani ƙarfi, wa zai sa dodo barci, wa zai yi jinya, da kuma lokacin da jaruman suke shiga wani yanayi na ƙarin kuzari su haɗa hannu su yi bugu guda. Wanda yake son tsanani tun farko akwai zaɓin Draconian Quest, wanda a cikinsa ake iya ƙara wa dodanni ƙarfi, amma sai a wurin fara sabon wasa ake kunna shi. Ana iya kashe shi daga baya, ba a iya sake kunnawa.

Faɗan Persona ya fi kaifi tun daga ranar farko. Kowane maƙiyi yana da lagonsa, wani wuta, wani ƙanƙara, wani iska ko lantarki ko harsashi, kuma idan mutum ya dace da lagon sai maƙiyin ya faɗi a ba shi ƙarin zagaye, wanda zai iya amfani da shi ko ya miƙa wa abokinsa da ƙarin ƙarfi. Idan duk maƙiyan suka zube, sai a kewaye su da bindigogi a ba mutum zaɓi: ya far musu gaba ɗaya, ko ya karɓi kuɗi ko kaya, ko ya lallashi ɗayansu ya koma ɓangarensa ya zama sabon Persona, wato irin halittun da jaruman suke kira su yi musu faɗa. Daga baya ana haɗa biyu a samu na uku mai ƙarfi a wani ɗaki da ake kira Velvet Room. Wannan tsari yana sa kowane faɗa ya zama kamar ƙaramin wasan dara, kuma maƙiya ma suna cin moriyar dokar, domin idan suka dace da lagon ɗaya daga cikin jarumai su ma ana ƙara musu zagaye. Akwai wata doka mai zafi da ya kamata a sani: idan Joker ya faɗi, wasan ya ƙare ko da sauran abokansa suna tsaye da ƙarfinsu. A wajen faɗa kaɗai, ba na shakkar cewa Persona ya fi daɗi a awa goma na farko.

Amma babban abin da ya raba su shi ne yadda kowanne yake ɗaukar lokaci, kuma a nan nake ganin zaɓin ya rataya. Persona yana tafiya ne bisa kalanda. Kowace rana tana da gurbi biyu da mutum yake da iko da su, bayan tashi daga makaranta da kuma dare, kuma duk abin da ya zaɓa ya cinye gurbin: ko ya yi karatu don jarrabawa, ko ya yi aikin neman kuɗi a shagon furanni, ko ya zauna da wani aboki don zumuncinsu ya ƙaru, ko ya shiga fadar maƙiyi, wato ginin da muguwar zuciyar maƙiyin take zama a wata duniya ta daban, inda ake yin faɗa. Zumuncin nan ba hira ce kawai ba, domin kowane aboki yana buɗe wata dama a fagen faɗa, kuma wasu ba sa sakin jiki da mutum sai iliminsa ko jarumtarsa ko kirkinsa ya kai wani mataki. Sannan kowace fada tana da wa'adi. Ta farko dole a gama da ita kafin farkon watan Mayu, in ba haka ba labarin ya ƙare da kora daga makaranta. Ranar da ta wuce ba ta dawowa. Wasu mutane wannan matsi shi ne yake sa su kasa ajiye wasan, domin kullum akwai abin da suke son yi gobe. Wasu kuma yana zame musu damuwa, su riƙa jin cewa duk zaɓin da suka yi sun yi asarar wani, har su koma bin jadawalin da wasu suka rubuta a intanet, wanda a ganina yana kashe rabin daɗin wasan.

A Dragon Quest babu mai ƙirga wa mutum kwanaki. Yana iya barin labari ya yi awa uku yana neman ma'adinai ko yana taimaka wa mutanen gari da ƙananan buƙatunsu, kuma sarki da dodo duk za su jira shi. Idan aka kashe tawagarsa gaba ɗaya, zai iya farfaɗowa a wurin adanawa na ƙarshe a bakin rabin kuɗin da ke aljihunsa, ba tare da ya rasa ƙarfin da ya tara ba. Haka kuma wasan yana adana kansa lokaci-lokaci idan an shiga sabon wuri, ban da adanawar da ake yi a coci ko a gunkin sansani. Persona ba ya adana kansa, sai mutum ya yi da hannunsa, kuma a cikin fada sai a wasu keɓaɓɓun ɗakuna. A awannin farko ma akan yi doguwar tafiya cikin labari ba a ba da damar adanawa ba. Ga wanda yake wasa a PlayStation ko kwamfutar tebur a inda ake ɗauke wuta ba sallama, wannan magana ce ta gaske, domin ɗaukewa guda tana iya cinye aikin awa ɗaya. Mai Switch ko kwamfutar tafi-da-gidanka ya tsira daga wannan saboda batir, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa nake ganin Switch ta fi dacewa da duka wasannin biyu a irin yanayinmu, ko da yake hotonta bai kai na manyan na'urori kyau ba.

Sai batun harshe, wanda ba a cika ambatonsa ba alhali shi ne rabin wasan. Duka biyun karatu ne mai yawa, kuma duka biyun suna da rubutu cikin Turanci da Faransanci, abin da zai yi wa 'yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi amfani. Sai dai a lura cewa Persona 5 na asali Turanci kaɗai ya zo da shi a wajen Asiya, a bugun Royal ne aka ƙara Faransanci. Turancin Persona na Amurka ne, irin na yau da kullum da ɗaliban sakandare suke yi, don haka yana da sauƙin bi, amma yawansa ya wuce misali, kuma wanda ya tsallake hira ya tsallake wasan kansa. Turancin Dragon Quest na Birtaniya ne, kuma masu fassara sun yi wasa da shi sosai: mutanen Hotto suna magana cikin gajerun baitoci irin na waƙar haiku ta Japan, mutanen Gondolia suna cakuɗa Turanci da kalmomin Italiya, sunayen dodanni kuwa yawancinsu wasa da kalmomi ne. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba zai rasa wasu daga cikin barkwancin, amma ba zai ɓata hanya ba, domin taswira tana nuna inda za a nufa kuma abokan tafiya suna tunatarwa idan an tambaye su.

Dole kuma in yi magana a fili kan abin da ke cikin kowanne, domin a gidajenmu ba kasafai mutum yake kallon allo shi kaɗai ba. Hukumar tantance wasanni ta Amurka ta sa Persona 5 Royal a rukunin 'yan shekara 17 zuwa sama, ta Turai kuma ta sa shi a 16, kuma ya cancanci hakan. Maƙiyin farko malamin motsa jiki ne, Kamoshida, tsohon gwarzon ƙwallon raga, wanda yake dukan ɗalibai maza yana cin zarafin mata, hukumar makaranta da iyaye sun sani sun yi shiru saboda sunan da yake jawo wa makarantar, har wata ɗaliba ta yi yunƙurin hallaka kanta. Jaruman suna shiga wata duniya ce inda muguwar zuciyar mutum take zama gini, a nan makarantar ta koma fada shi kuma sarki, su sace abin da ya fi ƙauna don ya tuba ya tona asirin kansa. Wannan labari ya taɓa ni fiye da duk abin da na gani a Dragon Quest, domin zaluncin da ake rufewa saboda mai yinsa yana da daraja abu ne da kowace al'umma ta sani. Duk da haka wasan da kansa yana nuna 'yan mata cikin shigar da ba ta dace ba a wurare da dama, abin da yake raunana saƙonsa, kuma halittun da ake kira Persona an ɗebo su ne daga tatsuniyoyi da addinan duniya, har da masu sunayen alloli da aljanu da mala'iku, sannan an jera abokai bisa katunan duba na Turawa. Ba wasan da zan kunna a falo gaban yara ko iyaye ba ne.

Dragon Quest XI S an sa shi a rukunin matasa a Amurka, a Turai kuma 'yan shekara 12 zuwa sama. Babu jini a faɗansa, dodanninsa ma yawanci abin dariya ne, kuma zuciyar labarinsa riƙon amana ne da zumunci. Amma shi ma ba wankakke ba ne sarai: ana adana wasa a wurin limamin coci ko gaban gunki, duniyarsa ta ginu a kan wata bishiya da ake ɗauka tushen rayuka, akwai gidajen caca da ake wasa da kuɗin cikin wasa waɗanda yawancinsu na ganin dama ne, akwai kuma wasu tufafin mata da barkwancin manya jefi-jefi. Sihiri kuwa yana cikin duka biyun daga farko har ƙarshe. Na kawo waɗannan ne don kowa ya auna da ma'auninsa tun kafin ya biya kuɗi.

Ta fuskar kiɗa Persona ya yi nisa. Salon jaz da muryar mawaƙiya Lyn suna bin mutum har bayan ya kashe na'ura, kuma kiɗan dare mai sanyi da ake sa wa unguwar Yongen-Jaya yana daga cikin abin da ya sa na riƙa jin ɗakin saman shagon nan kamar gida. Kiɗan Dragon Quest na ƙungiyar makaɗa ne irin ta Turai, yana da kwarjini, kuma a bugun S an sa ainihin wanda makaɗan birnin Tokyo suka buga, sai dai waƙoƙin ba su da yawa, kuma kafin awa goma na fara gajiya da maimaita kiɗan fili guda. Jaruman biyu duka kusan bebaye ne, ba sa magana sai ta zaɓin mai wasa, amma shirun ya fi fitowa fili a Dragon Quest, inda ake gaya wa yaron maganganu masu tayar da hankali fuskarsa ba ta cika motsi ba.

Tsawonsu ma abin dubawa ne. Persona 5 Royal yana cin kimanin awa 100 kafin a ga ƙarshensa, kuma ba a iya gajarta shi sosai saboda kalanda. Dragon Quest XI S yana kai mutum ga ƙarshen farko cikin kimanin awa 60, sannan akwai wani babban kashi bayan nan ga mai son cikakken labari. Wanda yake samun awa ɗaya a rana zai yi fiye da wata uku a kan Persona.

Idan aka tambaye ni, sabon shiga ya fara da Dragon Quest XI S, musamman idan lokacinsa a gutsure yake, ko yana wasa a inda ƙanne da 'ya'ya suke leƙowa, ko bai taɓa yin faɗan bi-da-bi ba. Dalilina mafi ƙarfi shi ne yana da ɗanɗano na kyauta da ake saukewa, wanda ya kai kimanin awa goma, kuma idan mutum ya sayi cikakken wasan sai ya ci gaba daga inda ya tsaya. Gani ya kori ji, kuma babu asarar da za a yi sai ta data. Wanda kuwa ya riga ya girma, yana jin Turanci ko Faransanci sosai, yana da inda zai zauna shi kaɗai na awa biyu ko uku a jere, kuma labarin mutane da zaluncin zamani ya fi jan hankalinsa a kan na sarakuna da dodanni, to ya tafi ga Persona 5 Royal, da sharaɗin zai yi haƙuri har ya gama fadar Kamoshida kafin ya yanke masa hukunci, domin sai bayan ta ne birnin Tokyo yake buɗewa.

Wajen saye a kula da suna, musamman ga mai neman faifan hannu a kasuwa. Dragon Quest XI maras harafin S shi ne tsohon bugu: hotonsa a PlayStation 4 ya ɗan fi kyau, amma ba shi da kiɗan makaɗa na ainihi, ba shi da muryoyin Japananci, ba shi da ƙarin labaran abokan tafiya, ba shi da zaɓin mayar da wasan gaba ɗaya zuwa tsohon salon zane, kuma ba a iya ƙara saurin faɗa kamar yadda ake yi a S. Haka nan Persona 5 maras Royal ba shi da sababbin mutane biyu, Kasumi da Maruki, da unguwar Kichijoji, da ƙarin zangon karatu na ƙarshe, kuma abin da aka adana a cikinsa ba ya wucewa zuwa Royal. Persona 5 Strikers da Persona 5 Tactica wasanni ne daban da aka yi wa waɗanda suka riga suka san labarin, shi ma The Phantom X na waya wani wasa ne daban. Babu ɗaya cikin biyun da muke magana a kai da aka yi wa waya, amma wanda waya kaɗai gare shi zai samu tsofaffin Dragon Quest, irin su na biyar da na takwas, a Android da iPhone. Saukewa tana cin fiye da gigabait 10 a Switch, ta kuma haura haka sosai a sauran na'urori, don haka faifai ko katin wasa ya fi sauƙi ga mai ƙarancin data.

Wanda ya zaɓi Royal a bugun 2022 zai tarar an haɗa masa da kyautar wasu Persona masu tsananin ƙarfi, kuma ina ba shi shawara ya bar su a ajiye, domin suna share maƙiyan farko da bugu guda su hana shi koyon neman lago. Sannan ya riƙe wata rana guda a ransa: idan yana son ganin ƙarin zangon da aka yi Royal dominsa, dole zumuncinsa da Maruki, mai ba ɗalibai shawara a makarantar, ya kai mataki na 9 kafin 18 ga Nuwamba a kalandar wasan, in ba haka ba labarin zai rufe a inda na asali ya rufe.